Wayar Ƙungiyar Masu Gyaran Firiji

A kan matakalar bene suka fara haɗuwa, ita tana saukowa rungume da kwamfutar ofis, shi yana hawa da kofin shayi a hannu. Matakalar ba ta ɗaukar mutum biyu, dole ɗaya ya manne da bango. Shi ya manne, amma tsayinsa ya ci amanarsa, ya gwara kai da bututun ruwan da ya gitta ta sama, shayin ya zube masa a takalmi.

"Sannu," ta ce tana danne dariya. "Kai ne mai gyaran waya na ƙasa?"

"Ni ne. Dogo ake ce min, kin kuma ga dalili da idonki."

"To wurinka za ni. Wannan tsohuwar ta ƙi tashi tun safe."

Ya karɓi kwamfutar, ya juya ya biyo ta ƙasa. Abin da ya hau yi a sama, har yau bai tuna ba.

Ita ce auta a gidansu, Auta kuma kowa ke kiranta. Tana aikin sakatariya a ofishin ƙungiyar masu gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, wadda mahaifinta ya kafa tun ba a haife ta ba. Shi ne shugaba, ba a kiransa da komai sai Ciyaman. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman bene: tebur, fanka mai ƙara, benci biyu, da wani mataccen firiji da ake ajiye takardu a ciki. Duk ƙwararrun da ke shiga ɗakin nan ba wanda ya taɓa tunanin gyara shi. A bakin ƙofa kuwa akwai allo mai shuɗayen haruffa uku, gajeren sunan ƙungiyar, wanda Ciyaman ke gogewa da hannun rigarsa duk safiya.

Gyaran da bai kamata ya wuce awa guda ba, sai da Dogo ya ja shi ya kai mako. Yau ya hau ya ce batir ne, gobe ya hau ya ce yana son ya ji ko fankar ciki na juyawa. Auta ta gano shi tun ranar farko, ta dai ƙyale shi, don ita ma in ta ji takunsa a matakala sai ta gyara zaman mayafinta.

Da ƙaryar gyara ta ƙare masa, sai ya ɓullo da wata hanyar. Ya ce wa Ciyaman ƙungiya irin wannan bai kamata a ce ba ta da shafi a intanet ba, shi zai yi musu kyauta.

Ciyaman ya dube shi daga sama har ƙasa, abin da ya ɗan ɗauki lokaci. "To yi. Amma ka sa haruffan nan uku manya-manya, ka sa lambar wayar ofis a ƙasansu. Cikakken sunan ya yi tsawo, ba mai karantawa."

Haka aka yi. Dogo ya zage ya yi aiki irin na mai neman aure, shafin ya yi kyau, duk wanda ya rubuta haruffan a wayarsa shi yake fara gani.

Kiran farko daga wata ƙasa mai dusar ƙanƙara ya zo. Wani dattijo ne yake tambaya cikin Turanci ko an ɗage taron masu kiwon zuma. Bayansa wata mata ta kira tana faɗa a kan jakarta da ta manta a motar haya. Sai wani mai ciwon haƙori da ke son kai ƙarar likitansa. Dogo ya bincika, sai ga shi ashe haruffan da Ciyaman ke tinƙaho da su ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai ƙungiyar masu zuma, akwai kamfanin motoci, akwai majalisar likitocin haƙori, har da kulob ɗin masu tseren kwalekwale. Kowa na ƙasarsa, ba wanda ya san da zaman wani, duk haruffa ukun nan suke amsawa.

Ran nan da yamma saƙonsa ya shigo wayarta:

"Sakatariyar duniya, barka da yamma. Na ji an ce yau ke kika ɗage taron masu zuma. Don Allah in an tashi raba zumar a tuna da na ƙasan bene. Ko da yake ni muryarki ta ishe ni."

Ta mayar masa: "Dogona, kai ka jawo min. Gobe in mai haƙori ya sake kira, lambarka zan ba shi. Ka ci abinci kuwa, ko shayin ne dai?"

Kwanakin dariya ke nan, ba su kuma daɗe ba.

Wata safiya wayar ofis ta yi ƙara, Auta ta ɗauka da murmushinta. Muryar mace ce daga nesa, tana magana a hankali kamar wadda ta daɗe tana haddace abin da za ta faɗa. Ta faɗi sunan ɗanta, da shekarunsa, da launin rigar da ya sa ranar da ya bar gida. Ta ce an gaya mata su ne masu neman waɗanda suka ɓata a hanyar ƙetare teku.

Auta ta buɗe baki za ta ce nan ofishin masu firiji ne, sai ta fasa, ta saurare ta har ƙarshe.

Akwai wata ƙungiya a wata nahiya, ita ma haruffa ukun nan ne sunanta, aikinta tattara labarin mutanen da suka fita neman rayuwa aka daina jin ɗuriyarsu. Dogo ya nemo lambarta ta gaskiya, ya kuma rubuta a saman shafin da harsuna da dama cewa nan ba can ba ne, ga lambar can. Amma an makara. Wani ya riga ya kwafi lambar ofis ya ba wani, wannan ya ba maƙwabcinsa, ta shiga hannun mutane tana yawo daga ƙasa zuwa ƙasa. Uwar da aka miƙa wa lamba a guntun kwali ba ta san wani shafi ba.

Kira ya yi ta zuwa. Auta ta haddace lambar can, takan karanta wa mai kira ita sannu a hankali, ta sa ya maimaita. Sai dai ba ta iya katse su. Takan bari su gama faɗar sunan, su gama faɗar tabon da ke goshi ko yatsan da ya taɓa karyewa, sannan ta ba su haƙuri. In ta ajiye wayar sai ta kifa kai a tebur.

"Sanyin idona, ki daina sauraro har ƙarshe," Dogo ya ce mata wata rana da ya tarar idonta ya kaɗa. "Ki ba su lambar kawai. Abin nan yana cinki."

"Ba zan iya ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina da wa. Shi ma ta wannan hanyar ya bi."

Yayanta ya tafi shekaru da suka wuce, ya bar kayan aikinsa rataye a shagon mahaifinsu. Kiransa na ƙarshe daga wani gari ne a bakin teku, ya ce in ya ƙetare zai sake kira. Shiru ke nan. Ciyaman kuwa ya kafe kai da fata cewa ɗansa bai ɓata ba. Yana can ya samu aiki, ya yi kuɗi, rashin mutunci ne kawai ya hana shi waiwayar iyayensa. Duk wanda ya ce wani abu daban, ya gama da shi. Mutumin nan ya zaɓi ya kwana ya tashi yana fushi da ɗansa, don fushin ya fi masa sauƙin ɗauka.

Mama ce ta fara tsinkayar maganar. Suna ninke wanki a tsakar gida, Auta ta yi suɓutar baki ta ba ta labarin masu kiran. Mama ta daɗe riƙe da zanin gado ba ta ninke ba.

"Su waɗannan mutanen, kowa suke nema? Ko sai ɗan ƙasarsu?"

"Kowa, Mama."

Washegari Auta ta tsinci hoton Yaya a cikin jakarta, an naɗe shi da hankici. Hankicin na Mama ne. Ta kai wa Dogo shago, suka tsaya suna kallon hoton, suka yanke cewa ba za su aika wa ƙungiyar can ba sai da yardar Baba.

Rashin sa'a, akwai mai jiran cajin waya a bencin shagon. Ɗan Ma'ajin ƙungiya ne, mai shagon sayar da sababbin firiji, wanda ya daɗe yana zagayen Auta tana yi masa kunnen uwar shegu. Mutum ne mai turare da yawa da gaisuwa mai tsawo. Ya karɓi wayarsa, ya yi musu sallama har da rusunawa, bai zame ko'ina ba sai wurin Ciyaman.

A makon ne kawun Dogo ya je gidansu Auta neman izini. Ciyaman ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya kuma sallame shi da magana ɗaya: ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya shigo masa da makoki gida ba.

Da baƙon ya fita, ya juyo kan Auta. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi.

"Hoton ɗana za ku kai a jera da na matattu? Wa ya ce miki ya ɓata? Yaron nan ya zo ya ɗauki sunan da na gina da gumina ya watsa shi duniya, ya mayar min da ofis gidan kuka, ya sa uwarki ta koma zaman bakin taga. Shi kike so in ba?"

"Baba, ba laifinsa ba ne. Kai ka ce a sa haruffan..."

"Tashi ki ba ni wuri."

Dogo ya rame a tsaye. Mai tsayi in ya rame abin ba kyan gani. Ya rubuto mata:

"Hasken raina, na kasa aiki. Yau na kwance wayar wani na rasa yadda zan mayar. Ki gaya min abin da zan yi Baba ya huce, ko mene ne zan yi."

Ta amsa: "Ka yi haƙuri kawai, Dogona. Kada ka yi komai. Ni taka ce, ba inda za ni."

Da ya ji maganarta da an zauna lafiya. Amma tsoron rasa ta ya fi ƙarfinsa. Ya faki idonta ranar da ta raka Mama asibiti, ya hau sama ya durƙusa gaban Ciyaman.

Ciyaman ya turo masa wayar ofis a kan tebur. "Kai ka buɗe wannan ƙofar, kai za ka rufe ta. Kada in ƙara jin kiran nan. In ka yi, ka turo kawunka mu sake zama. Kuma magana ce tsakanina da kai."

Aikin bai ɗauki Dogo minti biyar ba. Ya shiga cikin wayar ya toshe duk kiran da zai shigo daga ƙasar waje. Ya sauko yana gaya wa kansa ai don lafiyarta ya yi.

Abin da bai sani ba shi ne, kwana ɗaya kafin nan wata tsohuwa ta kira daga wata ƙasa ta wayar haya, lambar ma ba ta fito ba. Jikarta take nema. Ba ta iya rubutu ba, ba ta kuma iya riƙe lamba a ka. Ta ce za ta sake kira in maƙwabciyarta mai ilimi ta dawo daga tafiya. Auta ta yi mata alkawari: "Ki kira, Kaka, ina nan. Ni zan ɗauka."

Auta ta yi ta jira. Wayar ta yi tsit, sai masu firiji da rigimarsu ta kuɗin gas. Ta daina fita cin abincin rana don kada a kira ba ta nan. Ta tambayi Dogo ko wayar ce ta samu matsala, ya juya ta a hannu ya ce lafiyarta ƙalau, bai ɗago ya kalle ta ba.

Ɗan Ma'aji ne ya sake kawo labari, kamar an aiko shi. Ya shigo ofis da turarensa, ya zauna a benci ya harɗe ƙafa.

"Sakatariya, kin samu hutu ke nan. Ai angon naki ya iya aiki, na ji Ciyaman na yabonsa wurin mahaifina. Ya toshe 'yan koke-koken nan gaba ɗaya."

Auta ba ta san lokacin da ta sauka matakalar ba. Ta tarar da Dogo sunkuye a kan wata waya da ƙaramin sukudireba a hannu.

"Gaskiya ne?"

Ya ajiye sukudireban. "Auta, ki zauna in yi miki bayani."

"Na tambaye ka ko wayar ta lalace, ka dube ta ka ce lafiyarta ƙalau."

"Baba ya ce in na yi zai ba ni ke. Na ga kuma abin yana kashe ki..."

"Akwai tsohuwar da na ce wa ta kira ina nan. Ta je ta nemo mai rubuta mata, ta biya kuɗin waya, ta yi ta bugawa ba ta shiga. Yanzu tana can tana cewa ni ma na yaudare ta." Ta kafe shi da ido. "Da wannan ka saye ni? To ka mayar, ban sayu ba."

Ta kwashe kayanta ta koma gidan gwaggonta a ɗaya gefen gari, ta kashe wayarta. Saƙonsa ya yi ta zama a hanya ba mai buɗewa:

"Na yi kuskure, ba ni da bakin kare kaina. Tsoro ne ya sa ni, ba ƙiyayya ba. Ko ba za ki aure ni ba, ki yafe min. Dogonki, in har yanzu kin yarda in kira kaina haka."

Ciyaman ya samu abin da ya nema, sai dai bai ji daɗinsa ba. Gida ya yi shiru, Mama ba ta ce masa komai sai gaisuwa. Ya ɗauko maganar aurar da ita ga ɗan Ma'aji, Gwaggo ta aiko masa cewa yarinya ko sunan ba ta son ji. Ofis kuwa ba sakatariya, dole shi ya zauna a kujerarta yana fama da kwamfutar da bai san gabanta da bayanta ba.

Ranar wata Laraba da hantsi wayar ta yi ƙara. Lambar cikin ƙasa ce, ba ta waje ba, ya ɗauka a zaton mai firiji ne.

"Salamu alaikum. Don Allah nan ne wurin masu neman yaran da suka ɓata?"

Namiji ne, muryar sa'ansa. Ciyaman ya cika ya yi fam, ya buɗe baki zai zazzage masa, mutumin ya riga shi.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, ban saba irin wannan ba. Ni kafinta ne. Yarona ne. Na daɗe ina ce wa uwarsa yana can lafiya, iskanci ne ya hana shi kira. Har zaginsa nake yi a gabanta don ta yarda. To jiya na ɗauko zartonsa zan yi aiki, na ga ya yi tsatsa, sai na kasa. Wallahi na gaji da wannan ƙaryar. Ku taimake ni ku rubuta sunansa."

Fankar na ta ƙararta. Ciyaman ya nemi abin dafawa, hannunsa ya sauka a kan tebur.

"Kana ji na, ɗan'uwa?"

"Ina ji." Ya gyara murya. "Nan ba wurin ba ne. Amma kada ka yi nisa da wayarka. Zan kira ka yanzu."

Sai da ya ajiye ya tuna bai san lambar can ba. Auta ce ta haddace ta, wayarta kuwa a kashe. Mutum ɗaya ne ya rage, yana ƙasan bene.

Dogo ya miƙe zumbur da ya ga wanda ke bakin shagonsa.

"Lambar mutanen can nake so," in ji Ciyaman, yana kallon bango.

Dogo ya karanto ta da ka. Ciyaman ya kira kafintan a nan tsaye, ya faɗa masa ita sannu a hankali, ya sa ya maimaita, ya ce masa Allah ya bayyana. Sannan ya zauna a bencin masu jiran caji.

Dogo ya durƙusa. "Baba, ina neman alfarma. Ka ba ni wayar nan in cire abin da na sa. Bai kamata in yi ba tun farko. In hakan zai sa ka hana ni Auta, na haƙura, da ma na riga na rasa ta."

Ciyaman ya miƙa masa wayar. Ya zuba wa yatsun yaron ido har ya gama.

"Su mutanen nan," ya ce can, murya ƙasa-ƙasa, "in ka ba su sunan ɗanka, rubutawa suke ya mutu?"

"A'a, Baba. Rubutawa suke ana nemansa."

"Ana nemansa." Ya jinjina kai. Hawaye ya gangaro ya shige gemunsa, bai share ba. "Shekara da shekaru ban neme shi ba. Buga min su."

Dogo ya buga, ya yi masa tafinta inda Turancin ya gagara. Ciyaman da bakinsa ya faɗi sunan, da shekarun, da ƙunar walda da ke bayan hannun hagu. Matar da ta amsa ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta ce sun rubuta, za su duba, in an samu labari kowane iri ne za a kira.

Da la'asar Ciyaman ya je gidan ƙanwarsa da kansa, Dogo na biye da shi daga nesa. Ya shiga ya daɗe. Gwaggo ce ta leƙo ta yafito Dogo, ta nuna masa zaure.

Auta ta fito idonta jawur, ta tsaya a jikin ƙofa.

"Baba ya gaya min komai."

"Ba zan iya dawo miki da tsohuwar nan ba," ya ce. "Na buɗe layin, amma ban sani ba ko za ta ƙara gwadawa. Wannan alhakin nawa ne, zan ɗauke shi."

"Ba za ta ƙara ba, jikina ya ba ni." Ta ɗago kai ta dube shi. "Na yi fushi da kai irin wanda ban taɓa yi da kowa ba. Na kuma yi kewarka har na ji haushin kaina. Abu ɗaya nake so. Kada ka ƙara yanke min hukunci a bayan idona, ko da kana ganin don alherina ne."

"Na yi miki alkawari, Sanyin idona."

"Ka rame," ta ce. "Ka zama kamar sandar rataye labule."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, duk da hawayen bai tsaya ba.

Tsohuwar ba ta sake kira ba. Daga can ma ba a ji komai game da Yaya ba, har aka sa ranar aure, har ranar ta zo. Biki ne mai sanyi, ba a cika hayaniya ba. Masu gyaran firiji suka zo ƙwansu da kwarkwatarsu, suka haɗa wa amarya firiji sabo fil, wanda abin mamaki yana aiki. Ɗan Ma'aji ya aiko da uzurin tafiya.

Bayan an ɗaura, mutane sun ragu, Ciyaman ya sa aka kira masa su biyun ɗakinsa. Mama na zaune a gefen gado. Suka durƙusa, ya daɗe yana kallonsu.

"Dogo, ka shigo gidana da abin da na fi tsoro a duniya. Na ƙi ka saboda shi. Yau ina gode maka saboda shi. Ga 'yata nan, amana ce."

"Na karɓa, Baba. Allah ya ba ni ikon riƙewa."

Ya juya ga Auta. "Ke kuma ki tafi gidanki ki huta, kada in ga ƙafarki a ofis sai kin gama amarci. Masu kiran nan ni zan riƙa ɗauka. Na iya yanzu. Ba na katse su."

Auta ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Ya dafa kanta da hannu ɗaya, ɗayan ya ɗora a kafaɗar Dogo.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin ƙai, ya sa kada ku taɓa zaman jiran kiran ɗa. Yayanku kuma, in yana raye Allah ya nuna masa hanyar gida, ƙofa a buɗe take, ba na fushi da shi. In ya riga mu, Allah ya sa ya samu wanda ya rufe shi da mutunci."

Mama ce ta fara cewa amin, da ƙarfi, ta kamo hannun mijinta ta riƙe a gaban yaran.